Jifan Farko

Ƙwallon ta bugi bakin kwando ta dawo, 'yan kallon da ke cikin talabijin suka saki ihun takaici. Saiti ya ja tsaki ya gyara zama a kan benci.

"Ka makara, Yaya," in ji Auta daga bakin ƙofa, tsintsiya a hannunsa. "Layin ya wuce kore kafin ka saki."

"A kan lokaci na saki. Fad ɗinka ne ya tsufa."

"Jiya ma haka ka ce, na canza maka."

Shagon gem ɗin, inda ake buga wasannin talabijin, na Auta ne, ƙaninsa. Ɗan ɗaki ne mai talabijin a jere da bencina, da wata fanka da ta fi yin ƙara a kan iska. Kowace safiya, kafin ya tsallaka titi zuwa wajen aiki, Saiti yakan tsaya ya buga ƙwallon kwando tun shago babu kowa. Magidanci ne da 'ya'yansa, furfura har ta fara leƙowa a gemunsa, kuma matarsa ta yi mita a kan wannan ɗabi'a har bakinta ya gaji ta ƙyale shi.

Wasan ba shi da wani asiri. Ka riƙe fad, wato abin sarrafa wasan, ka danna madanni da babban yatsa, ɗan wasanka ya yi tsalle da ƙwallo, wani siririn layi ya fara cikowa a gefensa. Da ya kai wajen kore sai ka ɗaga yatsa. In ka yi gaggawa ƙwallo ta faɗi a hanya, in ka makara ta bugi ƙarfe. Duk gwanintar a sakin take, kuma a unguwar kaf babu mai sakin Saiti. Amma ba a gem ya samo sunan ba. Shi ne direban ƙugiyar ɗaga kaya a dogon ginin da ake yi a tsallake, leburori ne suka laƙaba masa, don yana iya sauko da tulin bulo daga sama ya ajiye shi daidai inda aka zana masa da alli.

To ga shi kwanan nan jifansa ya lalace, sai makara yake yi.

Auta ya jingine tsintsiya ya zo ya tsuguna kusa da shi. Ya daɗe yana jiran ranar da zai koya wa yayansa wani abu, don haka sai da ya yi gyaran murya.

"Ka daina kallon layin nan, shi ke ruɗa ka. Hannun ɗan wasan za ka kalla. Kada ka jira gwiwar hannunsa ta miƙe. Da ƙwallo ta iso goshinsa, ka saki."

"Ai wannan gaggawa ce."

"Ga wani gaggawa ce. Kai da kake makara, daidai ne. Gwada mana."

Ya gwada, ta bugi ƙarfe. Ya sake, ta zagaya baki ta fito. Ya ci gaba yana dannawa yana saki, yana ƙunƙuni, har can ƙwallo ta faɗa kwando ko ƙarfe ba ta taɓa ba. Ta gaba ma ta shiga. Daga nan sai suka riƙa shiga bi da bi, layin yana tsayawa a kan kore kamar an ɗaure shi.

"Ka gani ko?" Auta ya daki cinyarsa. "Daga yau ka riƙa ce mini koci."

Saiti ya yi dariya, kuma dariyar har cikinsa, domin akwai abin da bai gaya wa Auta ba. Ɗazu da zai fito daga gida ya kama marfin ƙofa ya ja, hannunsa na dama ya ƙi sakin mariƙin. Ba ciwo ya ji ba. Ya ce wa hannun ya buɗe, hannun ya yi kamar ba da shi ake ba, sai da ya ga dama yatsun suka warware ɗaya bayan ɗaya. Matarsa tana tsakar gida tana shanya ta ce, "Ka sakar mini ƙofa mana, ba guduwa za ta yi ba." Shekaranjiya kuma kofin shayi ne. Yana tsoro, tsoro mai tsanani, domin in hannun nan ya samu matsala shi da ƙugiya sun rabu, kuma tun yana saurayi bai san wata sana'a ba. Yanzu da ƙwallo take shiga sai ya ce a ransa ashe dabara ce kawai ta ɓace masa, ga shi ta dawo.

A bakin get ɗin ginin ya haɗu da Mai Usur yana ɗaura hular kwano. Ƙanin matarsa ne, kuma shi ne idonsa a ƙasa: shi ke ɗaure kaya a jikin ƙugiya, shi ke tsayawa inda za a sauke, ya busa usur a ɗaga, ya busa a tsaya. Saiti ne ya samo masa aikin.

"Mijin Yaya, an ci kofin duniya ko da saura?"

"Kai dai ka riƙe usur ɗinka da kyau."

"Usur na nan. Yau Oga Foman da ƙafar hagu ya tashi, ka bi shi a hankali."

Saiti ya kama tsani ya hau. Ɗakin direba ɗan akwatin gilashi ne a can ƙololuwa, kujera ɗaya, liba a dama, liba a hagu, sai oba-oba ta magana da na ƙasa a rataye. Ta dama ita ce mai ɗagawa da saukewa. In ka tura ta kaya ya yi ƙasa, in ka sake ta ta koma tsakiya da kanta, kaya ya tsaya cak. Daga nan sama mutane ba su da fuska, hulunan kwano ne kawai suke yawo a tsakanin rodi da katako.

Aikin safe ya tafi lafiya lau. Buhunan siminti suka hau, damin rodi ya hau. Hannunsa yana bin umarni, shi kuma ya ɗauki dabarar Auta ya sa a liba: ba ya jiran usur, da ya ga Mai Usur ya kai hannu baki sai ya saki. Har ya fara 'yar waƙa a ƙasan maƙogwaro.

Sai motar bulo ta maƙale a bakin get, tayarta ta faɗa kwata. Aka daɗe ana ihu ana turawa. Saiti ya zauna a sama ya harɗe hannuwa yana kallo, rana tana dukan gilashi. Da aka fito da ita aka ɗaure tulin farko, ya ɗaga shi, ya juya da shi zuwa saman ginin inda Mai Usur yake jira da wasu leburori. Ya tura liba, tulin ya fara sauka a hankali.

Mai Usur ya kai hannu baki. Saiti ya saki.

A ransa ya saki. Hannun yana nan a dunƙule a kan liba, ya tura ta gaba. Ya ji usur, ya sake jin usur mai tsawo, yana kallon yatsunsa kamar na wani mutum dabam. Ya kai hannun hagu ya fizge na dama, amma kafin nan tulin ya riga ya daki daɓen ginin. Ƙarar ta zo masa har ta ƙarƙashin kujera. Ƙura ta tashi ta rufe wurin, bai ga ko hula ɗaya ba.

Ya leƙa ƙasa ta gilashi. Sai da ƙurar ta lafa ya hango su a warwatse, kowa a tsaye da ƙafafunsa. Mai Usur ne kaɗai yake zaune a ƙasa, fasasshen bulo a gaban takalminsa.

Oba-oba ta yi ƙara. Muryar Foman ce, shugaban ma'aikatan. "Saiti! Hauka kake yi? Me ya faru?"

Saiti ya ɗauki oba-oba. Ya ji kansa yana cewa, "Oga, liba ce ta riƙe."

Aka turo bakanike ya hau. Ya kwance murfi, ya tura liba ya saki, ya tura ya saki, tana komawa tsakiya kamar sabuwa. Ya leƙa wayoyi, ya hura ƙura, ya shafa mata ɗan mai don kada a ce ya hau a banza.

"Ni dai ban ga komai ba," ya ce yana goge hannu. "Amma inji ne, wani lokaci yana da nasa aljanun."

Da Saiti ya sauko, Foman yana tsaye da hannu a ƙugu. Gajere ne mai saurin fushi, amma ya yarda da Saiti fiye da yadda ya yarda da kansa.

"Bakanike ya ce ta gyaru. Bayan hutu za mu ɗora babban ƙarfen nan na rufi. Ka san shi ba a ajiye shi haka kawai, sai mutane sun shiga ƙarƙashi sun kama shi da hannu sun saita ramukan noti. Ina son hankalinka a jikinka."

"To, Oga."

Mai Usur ya iso yana kaɗe wando, ƙura har a girarsa, yana dariya kamar ba shi ne ya kusa zama labari ba.

"Mijin Yaya, in gadona kake hari, wallahi ba ni da komai sai usur ɗin nan. Ka bari in ba ka shi da raina."

Leburori suka fashe da dariya. Saiti ya yi ƙoƙarin taya su, fuskarsa ta ƙi.

Da aka tashi hutu bai bi su wajen mai abinci ba, ya tsallaka titi. Shagon Auta babu kowa sai shi, yana gyangyaɗi a ƙarƙashin fanka. Saiti ya kunna talabijin ya ɗauki fad.

Ƙwallo ta iso goshin ɗan wasa, ya saki. Layin ya wuce kore, ya cika har ƙarshe, ƙwallo ta daki allon bayan kwando. Ya sake, ta bugi ƙarfe. Ya ci gaba. A hankali makarar ta riƙa raguwa, har ƙwallo ta fara shiga kamar da safe.

"Sai hannunka ya yi zafi ke nan," in ji Auta yana hamma. "Kowa ma haka yake."

Saiti ya ajiye fad a kan benci, ya ɗora hannun a cinya. Ya zauna yana kallon ɗan wasansa yana buga ƙwallo a ƙasa yana jiransa. Auta ya tambaye shi ko lafiya, ya ce a bari tukuna. Da ya ga an jima sai ya sake ɗauka.

"Zo nan. Kada ka kalli talabijin. Yatsana za ka kalla."

Auta ya matso. Saiti ya danna, ya ce, "Na saki."

Yatsan yana nan a kan madanni, ya yi fari don dannawa. Suka zuba masa ido su biyu har ya ɗago da kansa, a hankali, kamar mai tashi daga barci.

"Sake yi," in ji Auta. Babu sauran wasa a muryarsa.

Ya sake. Wannan karon ya fi sauri, amma ko makaho ya san ba daidai ba ne.

"Yaya, tun yaushe?"

"An kwana biyu. Ba dabararka ce ta gyara jifan ba, Auta. Yawan dannawa ne yake sa hannun ya saki jiki. Da ya huta sai ya koma. Na farkon ne kullum yake makara." Ya dubi ginin a tsallake. "A nan in na zubar da na farko ana ba ni wata ƙwallon. A sama fa?"

Sai ya gaya masa abin da ya faru da tulin bulo, da ƙaryar da ya yi wa liba. Auta ya dafe kai.

"Innalillahi. Tashi mu tafi asibiti yanzu, in rufe shagon."

"In tafi asibiti in ce wa Foman me? Yau na buɗe baki, gobe wani ne a kujerar nan. Wa zai ɗauki direban da hannunsa ba ya jin magana? Yaran nan da me zan riƙe su?"

"To ka ce ba ka da lafiya, zazzaɓi."

"Gobe fa? Jibi fa? Ƙarfen nan ɗaya ne ya rage mai wuya. In na ɗora shi, sauran kwanakin kayan banza ne, sai in nemi magani a ɓoye."

Auta ya yi ta zagaye a ɗan ɗakin. Yana ƙaunar yayansa, kuma duk duniya abin da ya sani shi ne gem, don haka taimakon da ya zo masa ma na gem ne. Ya ɗauko wani fad daga kan kanta ya miƙa masa.

"In dai sai ka hau, tafi da wannan. Kada ka bar hannun ya huce. Duk lokacin da kake jira ka riƙa dannawa kana saki, kamar kana jifa. Amma ka yi mini alkawari gobe za mu je."

Saiti ya karɓa ya cusa a aljihun riga. Ya fita ya tsallaka titi.

Ƙarfen yana kwance a gindin ginin, dogo, an shafe shi da jan fenti. Mai Usur da mutanensa suna zagaye shi da igiyoyi. A sama, Saiti ya fito da fad ya fara dannawa. Babu talabijin, babu kwando, sai ƙaramar ƙarar madanni a cikin akwatin gilashi. Na farko ya makara. Na biyu ya makara. Ya ci gaba har yatsun suka saki jiki, suna tashi da zarar ya ce su tashi. Zuciyarsa ta ɗan kwanta. Dabarar tana aiki.

Usur ya yi ƙara daga ƙasa. An gama ɗauri.

Ya ajiye fad a cinya ya kama liba. Ya ja ta kaɗan, igiyoyin suka miƙe, suka ɗaure tamau, ƙarfen bai bar ƙasa ba tukuna. Ya ɗaga ido ya dubi inda za a kai shi, can saman ginshiƙai, ya bi tafiyar da idonsa kamar yadda ya saba. Ɗagawa mai tsawo ce, sannan juyawa, sannan saukewa a hankali, a hankali, hannu a dunƙule a kan liba ba motsi. Duk tsawon wannan lokacin babu damar dannawa da saki. Hannun zai daɗe a riƙe, ya huce a riƙe. Sakin da ake bukata kuwa guda ne, a can ƙarshe, lokacin da mutane suka shiga ƙarƙashi suka ɗaga hannuwa. Jifan farko ne zai zama, ko ya so ko ya ƙi.

Wasu hulunan sun riga sun fara hawa bene don su tarye shi. Ya gane ta Mai Usur a gaba, don shi kaɗai ne ke tafiya yana rausaya kai.

Wataƙila hannun ya saki. Da safe ma sau nawa ya saki lafiya? Ya zauna da wannan wataƙilar, injin yana kaɗawa a ƙarƙashinsa.

"Saiti, me kake jira?" in ji oba-oba.

Ya sassauta igiyoyin har suka kwanta a kan ƙarfen. Ya cire hannun dama daga liba da taimakon na hagu, sannan ya kashe injin. Shiru ya sauka a wurin gaba ɗaya, har yana jin hon ɗin motoci daga titi.

Saukowar ta ɗauke shi lokaci, don a kowane mataki sai ya jira hannun ya rabu da tsani. Kafin ya taka ƙasa an taru. Foman ya taho kamar zai tashi sama.

"Wane irin iskanci ne wannan? Libar ce kuma? Bakanike!"

"Ba liba ba ce, Oga. Ba ni hannunka."

"Me?"

Saiti ya kama hannun Foman kamar za su gaisa, ya matse.

"Ce in sake ka."

"Sake ni mana! Wasa na zo yi da kai?"

"Na saki, Oga."

Foman ya ja hannunsa, hannun bai fito ba. Ya buɗe baki zai yi zagi, sai ya dubi fuskar Saiti, ya sauke ido kan yatsun da suke riƙe da shi. Kowa ya ga yadda suka riƙa buɗewa ɗaya bayan ɗaya, babban yatsan a ƙarshe. Babu wanda ya yi dariya.

Foman ya daɗe yana murza hannunsa. Da ya yi magana, muryarsa ta yi ƙasa.

"Allah ya sawwaƙe. Ka je ofis ka zauna, ina zuwa." Ya juya ya ciro waya yana neman lambar wani direban.

Leburori suka watse a hankali, kowa yana kallon ƙasa. Mai Usur kaɗai ya rage, usur yana lilo a wuyansa.

"Da safe," ya ce, "lokacin bulon nan. Hannun ne?"

"Hannun ne."

"Ka sani, kuma ka sake hawa."

Saiti ya sunkuyar da kai. Kunya ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba a gaban yaron da ya girma a gabansa.

Mai Usur ya cire hular kwano ya share goshi da hannun riga.

"Kai za ka gaya wa Yaya, ko ni?"

"Ni zan gaya mata."

"Har da bulon?"

"Har da bulon."

Mai Usur ya gyaɗa kai, ya mayar da hularsa, ya tafi kwance igiyoyin daga jikin ƙarfen.